Bashin Barci

Saura kwana tara Sallah,
shaddoji sun kai min wuya a shagonmu na Fagge,
ashirin da bakwai, ban da na yara.
Nafi'u mai surfani ya miƙo min ita
a naɗe cikin ledar goro:
"Rabi kawai. Za ka ga asuba ko hamma ba ka yi ba."

Na gani kuwa.
Keke ya yi ta gudu kamar ba ƙafata ke taka shi ba,
ƙarar janareton maƙwabta ta koma kiɗa,
ciwon bayan da na shekara goma ina goyo
ya tattara komatsansa ya bar unguwa.
Na ce, ashe haka masu lafiya suke ji.

Sallah ta wuce. Ita ba ta wuce ba.

Rabi ya cika ɗaya kafin layya,
ɗaya ta haifi uku
ba tare da an yi suna ba.
Abin da Nafi'u bai faɗa ba,
wataƙila shi ma bai sani ba a lokacin:
daɗin daren farko ba ya dawowa.
Na bi sawunsa lungu-lungu a Sabon Gari
kamar mai bin mamaci bashi.
Daga baya ba don daɗi nake haɗiya ba,
don in iya zira zare a allura ne,
don hannun nan ya tsaya wuri ɗaya,
don in amsa sallama da muryar mutane.

Ranar da babu kuwa,
gumi da sanyi a riga ɗaya,
hamma, majina, ciki yana murɗa kamar ana matse wanki,
ƙafafuna a kan katifa
suna taka keken da ba ya nan.

Yadi biyar na wani bawan Allah na sayar,
na rantse masa ɓarayi ne.
Sai almakashi. Sai kan keken kansa.
Rumasa'u ta daina tambaya,
ta koma ɓoye kuɗin cefane a cikin gwangwanin kanwa.
Wata la'asar na tarar da Ummita a tsakar gida
tana wasan kanti da fankon ƙwayoyina,
ta jera su tsaf, suna walƙiya.
"Baba, nawa za ka saya?"

A Dawanau likitar ba ta yi min wa'azi ba.
Cewa ta yi: gidan da kullum ake kawo wa tuwo daga waje,
murhunsa mutuwa yake yi.
Naka murhun bai rushe ba, toka ce ta rufe shi,
amma sai ka sha hayaƙi kafin ya kama.

Yau kwana arba'in da ɗaya.
Barcin da na ranta ina biyansa da ruwa,
dare-dare, ido biyu.
Har yanzu in ɗan sahu ya ratsa ta Kwanar Faransa
bakina kan tara yawu, ban aike shi ba.

Da safen nan, a keken aro,
sau huɗu zare yana kuskure kafar allura.
A na biyar ya shiga.
Ban gaya wa kowa ba.