Takardar Itzel

Daren Laraba a Yakima, garin tuffa,
na dawo daga sito, kwali ya cinye min tafin hannu,
na iske Itzel ta tasa takarda a gaba
tana taunar gindin fensir.

Na san takardar nan. Ko launi ba ta sake ba.
'Yan akwatuna a jere, a sa alama a ɗaya:
Kimiyyar Ƙasa, Kemistiri, Fiziks.
Ni ma ina da sha biyar aka miƙo min ita,
kafin a ce kwabo na cike.
Dustin na bi, don ya ce malamin duwatsu
ba ya ba da aikin gida, ga shi da barkwanci.
Bai yi ƙarya ba. Shekara guda muna dariya.

Sai bayan shekara uku aka kawo min lissafin dariyar
cikin siririyar ambulan
da ba ta kai nauyin ganye ba.
Suka ce makina ya yi kyau,
sai dai sashen injiniya
ya duba bai ga sawuna a ɗakin gwaji ba.

Ba wanda ya cuce ni.
Misis Halvorsen mai ba da shawara, mu ɗari huɗu ne a wuyanta.
Baba ya sa hannu a tsaye, da takalmin gona a ƙafa,
bai karanta Turancin ba, ni ya karanta,
ya ga ina murmushi.
Shi da ya san reshen da aka datse cikin sanyin Fabrairu
shi ke faɗin abin da za a tsinka a Satumba.

Na ja kujera. Na ce, "Fiziks, Itzel."
Ta ce, "Gadarka ce wannan, Efraín, ba tawa ba.
Ni ciwon nan da ke ƙone furen bishiya
har Baba ya kwana bai yi magana ba,
shi nake so in sani."

Na yi shiru. Ashe har na fara ɗinka mata rigata.

"To Kemistiri ke nan."
"Bakwai saura minti goma ake shiga," in ji ta,
"motar makaranta kuwa sai bakwai da rabi."
A nan gizo ke saƙar.
Tsakaninta da jami'a ba ƙwaƙwalwa ba ce,
mil tara ne na kwalta da ƙanƙara.

Na lissafa. In na koma aikin dare, shida nake tashi.
A-kori-kurata tana tari, amma tana tafiya.

Ta danna fensir, bakinsa ya karye.
Na zaro biron da nake ƙirga kwalaye da shi,
na ce, "Yi da wannan.
Ba ya goguwa."