Sunana a Layin Apapa

Kwana tara tirelata na layin Apapa,
taya ta kusa yin saiwa a kwalta.
A nan na ga sunana yana sauya riga,
ya fi ni yawan sutura.

Iya Mulika mai abinci ta leƙo:
"Isiaka! Kuɗin jiya fa?"
Okwudili, akawun bakin ƙofa,
ya rubuta Aizik a takardar shiga.
Ban yi musu ba, hatimi nake nema.
Mai kayan, ɗan Labanon,
daga maƙogwaro yake haƙo shi: Is'haƙ,
kamar mai ciro guga a rijiya gaba dubu.
Wani Bahabashe ma'aikacin jirgi
ya dafa ƙirji a teburin mai shayi,
ya ce ƙanensa ma Yis'haƙ ne.

Bayan la'asar, a masallacin gindin gada,
liman ya ce tushensa Ibrananci,
fassararsa: ya yi dariya.
Saratu aka yi wa albishir da ɗa
bayan furfura ta gama da kanta,
ta dara.

Ashe dariyar tsohuwa nake ɗauke da ita
daga Gumel har bakin teku,
ni da ke kwana ƙarƙashin mota
ina zagin sauro.

Da dare na kira gida.
Inna ba ta taɓa furta shi ba,
ɗan fari ne ni.
"Kai wannan, ka ci abinci?"
Na ce, Inna, kin san ma'anar Isiyaku?
Ta yi shiru.
Sai na ji tana dariya.