Kwana Goma-Goma a Bakin Kogin Verde

Biyar da rabi, gari bai gama wayewa ba,
Ofelia ta riga ni fita daga tanti.
Ina jin tarinta, ina jin cokali na bugun kofi.
Ba ta gaisuwa sai ta leƙa madubin hangen nesa.
"Uwar tana kai," in ji ta.
Ina kwananmu ke nan.

Takarda ce ta haɗa mu.
Ni na ajiye tuƙin motar 'yan makaranta a Flagstaff,
ita ta rufe keken ɗinki a Nogales,
ta baro kabarin miji, ƙasarsa ko kwantawa ba ta yi ba.
Aka ba mu littafi, da rediyon oba-oba, da jarka huɗu ta ruwa,
aka nuna mana bishiya a ƙetaren kogi:
ga sheƙar mikiya can, faɗinta ya kai gadon mutum biyu.
Ku zauna, ku sa ido.

Wanda bai yi ba ya ɗauka hutu ne.
Bakwai da minti sha biyu, namijin ya kawo kifi.
Takwas saura kwata, hankaka biyu sun zo tsokana, sun sha kora.
Tara zuwa sha ɗaya, babu komai.
Babu komai ɗin ma sai an rubuta shi.

An hana mu raɗa musu suna, wai lamba gare su.
Ofelia ta ce lamba ai sai fursuna.
Ta sa wa uwar Doña Chayo, sunan surukarta,
wai farin kai iri ɗaya, harara iri ɗaya.
Na yi dariya har biro ya faɗa cikin ƙaya.

Mun yi faɗa kan gishirin wake,
mun yi faɗa kan minsharina.
Kwana biyu littafi kaɗai ke magana tsakaninmu,
ta rubuta lokaci, ta turo min,
in rubuta abin da na gani, in tura mata.
Harshe da haƙori ma sukan saɓa,
balle tsofaffi biyu a tanti ɗaya.

Ran Asabar masu kwalekwale ke zuwa da kiɗansu.
Ni ce mai murmushi, ita ce mai lasifika.
Wani saurayi ya ce, tsuntsu ne fa kawai.
Ta ja shi gaban madubi.
Ya daɗe bai ɗago ba.

Tsakiyar Mayu, duwatsu na huci,
ƙaramin ɗan ya faɗo,
zaren fatsa ya naɗe masa ƙafa.
Na kira Wendell Begaye, ya ce awa huɗu kafin ya iso.
Muka ratsa ruwa iya ƙugu.
Ta tuɓe rigar sama ta yi masa rumfa,
ni ina jifan wata dila da ta ƙi tafiya.
Hannunta na rawa, ba ta sauke ba
har Wendell ya ɗaura igiya, ya hau, ya mayar da shi.

Daren nan ba mu kunna fitila ba.
Ta ce, "Marlys, kwana sha tara ina gefen gadonsa.
Na fita sayen shayi a injin asibiti.
Minti shida."
Ban ce komai ba. Na ƙara mata wake,
gishirin ya yi yawa, ta cinye.

Ran tara ga Yuni ni ce a kan madubi.
Na ga ɗan ya tsaya bakin reshe yana gwada iska.
Na ƙwala mata kira, ta zo da kumfar sabulu a hannu,
na matsa gefe.
Ni ban ga tashinsa ba.
Fuskarta na gani, na duba agogo, na rubuta.

Yanzu Janairu ne, ƙanƙara ta rufe min ƙofa.
Wayata takan yi ƙara biyar da rabi.
Ba sallama, sai tari,
sai cokali a kofi,
sai ta ce, "Kin cike takardar bana, ko sai na zo?"