Ta Bakwai a Layi

Wasiƙar ta iso ranar Talata,
ina dawowa daga aikin dare,
takalmina jiƙe da ruwan Leeds.
Ambulan ɗin ba nauyi. Tun a ƙofa na sha jinin jikina,
don na ji an ce ta masu sa'a kauri gare ta.

Ba su ce a'a ba.
Ba su kuma ce e ba.
Sun ce Juwairiya ta yi ƙoƙari ƙwarai,
tana cikin jerin masu jira,
ita ce ta bakwai.

Na tsaya a kicin ina juya lambar
kamar kwabo a aljihun wanda ya rasa kuɗin mota.
Yara shida ne a gabanta, ban san fuskar ko ɗaya ba.
Kafin 'yata ta shiga,
sai wani uba ya sami aiki a wani gari,
sai wata uwa ta duba kuɗin makaranta ta girgiza kai.
A kan sallaya na rasa yadda zan roƙa
ba tare da na yi wa ɗan wani mugun fata ba.
Na ce, Allah Ka ba su wadda ta fi wannan,
can nesa, Ka bar mana kujerar.
Kunya ta kama ni, na shafa da sauri.

Mahaifiyarta ta ce a bari sai ta ci abinci.
Ashe ta riga ta karanta a fuskokinmu.
Shekara biyu tana lissafi duk Asabar
a falon wani tsohon malami a Headingley,
fam talatin kowace awa,
ladan tura gadajen marasa lafiya a asibiti.
Ta karanta, ta ninke takardar gida huɗu,
ta ce, "Baba, ta bakwai cikin mutum nawa?"
Ban sani ba. Tambayar ba ta taɓa zo mini ba.

Bas ɗin da nake hawa yana bi ta ƙofar makarantar:
ciyawa kamar wanzami ne ya gyara ta,
yara cikin koren kwat, akwatin goge a kafaɗa.
Da nakan leƙa.
Yanzu ta ɗaya gefen nake zama.

Sau uku na buga waya a watan Maris.
Matar ofishin har ta iya faɗin sunana.
"Ta koma ta biyar."
"Har yanzu ta biyar."
A karo na huɗu matata ta zare wayar daga hannuna,
ta ce yawan buɗe tukunya ba ya nunar da nama.
Yayana ya kira daga Gusau,
ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.
Na ce na sani.
Sanin bai hana ni duba saƙo ƙarfe uku na dare ba.

Muka je ganin makarantar unguwa,
tafiyar minti goma a ƙafa.
Fenti ya ɓare a jikin matakala, na gani, na riƙe a zuci.
Ita kuwa tana ɗakin kimiyya,
inda wata malama ta kunna shuɗiyar wuta,
ta yi rabin awa tana jero tambayoyi
har sai da na taɓa kafaɗarta.

Jiya muka sayo baƙar rigar sanyin makarantar.
Na ɓoye rasit a cikin walat, ko da za a kira.
Da daddare na tarar ta rubuta sunanta a wuyan rigar
da tawadar da wanki ba ya fitarwa.
Na ce, "Yanzu ai kanti ba zai karɓa ba."
Ta ce, "Na sani, Baba,"
ta ci gaba da hura wa rubutun iska.

Wasiƙar tana nan manne a jikin firji.
An ce yanzu ita ce ta huɗu.
Ban gaya mata ba tukuna.
Ba ta tambaya ba.