Daren Ƙaura

Ƙarfe biyun dare a Pune.
Ruwan damina na dukan gilashin hawa na tara,
mu huɗu, da shayi mai citta da ya daɗe da hucewa.
Muna kwashe kayan kamfanin inshora
daga ɗakin ƙasa mai sanyin tsiya
zuwa gajimare.
Gajimare! Ni dai na san gini ne a gefen Mumbai,
da katanga da maigadi da janareto.

Sau bakwai muka gwada.
Kowane suna kwafi uku muka yi masa,
muka bar ƙofar komawa baya ko da abu zai cije.
Ko allura ba a yarda ta faɗi a hanya ba.

Sai lissafi ya ƙi.
Miliyan huɗu sun tashi, miliyan huɗu sun sauka,
ban da uku.
Na tambayi na'urar da aka ɗauko watan jiya,
mai ƙwaƙwalwar aro,
ta amsa da ladabi kamar sabuwar ma'aikaciya,
dalilai shida, babu wanda ya kwance ƙullin.

Omkar ya ce, kira Sulabha.
Na ce, da wane baki?
Shekara goma sha tara tana shigar da takardun diyya a hawa na biyu.
Ranar Juma'a aka miƙa mata ambulan da kwalin alewa.
Kujerarta tana nan, an dai cire wayar teburin.

Bugu biyu ta ɗauka. Ashe idonta biyu.
"Matan Satara ne," ta ce,
"mota ɗaya ta rake ta tafi da mazansu.
Magatakardan ƙauye ya rubuta musu haihuwa
ranar talatin ga Fabrairu.
Ni nake shigar da su da hannu duk wata.
Kada kuɗinsu ya makara,
ta tsakiyar tana shan maganin suga."
Ta ajiye.

Da asuba allo ya koma kore kaf.
Manaja ya tafa, aka yi odar karin kumallo.
Ni na kasa haɗiya, ina ta ƙidaya:
mamaci a cikin rajista, kwafi uku;
Sulabha da ranta, ko ɗaya.
Wa ya gwada faɗuwarta?
Wa ya bar mata ƙofa?

Yanzu duk Asabar
a saman shagon wani tela a Kothrud
mutum tara ke zama da kwamfutocin aro,
keken ɗinki na gurnani ƙarƙashin ƙafafunmu.
Ina nuna musu yadda ake tsare na'ura da tambaya
har ta faɗi inda ta yi zato maimakon sani.
Ban yi wa kowa alkawari ba.
Biyu sun samu wuri. Bakwai suna duba waya.

Sulabha a gaba take zama, tabarau rataye a wuya.
Makon jiya ta tsayar da ni,
ta ce misalina na uku ba ya faruwa a duniya,
ta karɓi alli.

Da muka sauko, sama ta sake haɗowa.
Ta buɗe lema mai karyayyen haƙarƙari,
ta ɗaga kai, ta ce,
"Wannan aƙalla yana saukowa inda mutane suke."
Bas ɗin Warje ta iso a cike.
Ta ruga, takalminta ɗaya a hannu.