Ampilin Agali

La'asar sakaliya suka sauke shi gaban rumfata,
mutum biyu, kamar masu ɗauke da majinyaci.
Baƙin akwati ne, kusurwa guda ta ɓare,
mariƙinsa igiyar raƙumi.
Agali ya ce, "Nomau, tun Abalak ya daina magana,
ga shi gobe da dare Yamai na jiranmu."

Noti goma sha ɗaya na kwance a bayansa,
babu biyu masu kama da juna:
kowane gari ya gyara, ya bar nasa.
A ciki na tarar da rairayin arewa cikin tafi,
ƙwallon dabino, fiffiken fara,
da wata takarda mai rubutun da ban iya ba.
Kwalabe huɗu na gilashi tsaye a sahu,
uku da sauran numfashi,
ta huɗu ta yi fari kamar ido mai yana.

Ina dube-dube, shi yana jera ƴan akwatunansa a tabarma,
waɗanda ake takawa da ƙafa.
"Wannan ja, Kura nake ce mata,
ita ke sa tsirkiya gurnani.
Koren nan Rijiya: ka jefa kalma ɗaya,
ta maido maka uku, kowace ta fi ƴar'uwarta nisa.
Wancan mai lilo, Jinjiri,
ba ya kuka sai dunduniyata ta lallashe shi."
Duk suna nan lafiya lau,
amma ba uban gida, bakinsu a rufe.

Duk faɗin Tawa ba mai sayar da irin kwalbar nan.
Na san haka. Na yi shiru.
Na san kuma gwangwanin madara a ƙasan gadona,
da abin da ke naɗe cikin tsumma shekara talatin,
tun ranar da aka rufe silima,
babana ya dawo gida da ita a aljihu
maimakon albashin wata biyu.

Na aiki Tanko da keke.

Na goge ƙafafunta, na zaunar da ita a gurbi,
na ɗiga dalma inda hanya ta girgiza waya.
Sai aka ɗauke wuta.
Muka sha shayi na fari, na biyu,
Agali na kaɗa jita ba lasifika,
ƙaramin sauti, kamar sauro cikin tulu.
Bayan isha'i fitila ta ƙyafta.

Kwalbar ta ɗau lokaci, irin na tsoho zai miƙe,
sannan cikinta ya yi ja kamar garwashin da muka bari.
Ya taka Kura. Ya ja tsirkiya ɗaya.
Kwanon rumfa ya amsa,
awakin Laure suka tsinke igiya,
mai tsire ya ƙone yatsa.
Ni kam a ƙirji na ji shi,
daidai inda nake jin ƙarar bindigar silima ina yaro.

Ya ƙirga jaka goma. Na ɗauki uku, kuɗin dalma da dare.
"Kar ka tashe shi da zafi," na ce,
"bari ya huce kafin ku ɗora a mota."

Gobe za su kira sunan Agali har muryoyi su dushe,
ba mai leƙa bayan akwati.
Matacciyar kwalbar na naɗe a tsumman nan,
gwangwani bai saba zama wayam ba.
Da safe rediyon Hajiya Tamo na jirana,
sati biyu ke nan ina ce mata gobe.