Farar Wuta

Sunanta farar wuta, alhali rawaya ce,
kuma ba ta taɓa ƙona ni ba.

Iya Tasalla kan daka ta a ɗan turmi
bayan ɗakinmu a Tudun Wada,
ta kwaɓa da man kaɗanya.
Ma'auninta murfin kwalbar lemo,
a shafe, ban da tozo.
Shekarar da ƙazwa ta cinye tsakanin yatsuna
kwana uku ina warin ashana,
'yan ajinmu suka bar min benci ni kaɗai.

Yau ga ni cikin farar riga a ɗakin bincike,
gwangwaninta na ƙarshe a gabana.
Na narka, na tace, na auna.
Wuta ta ɗauke, muka jira janareta.
Sai lambar ta fito:
kashi shida cikin ɗari,
ba ta kauce wa littafinmu ba,
ita da ba ta san ko bihim ba.

Takardar na da gurbin nauyi, gurbin launi.
Na nemi inda zan rubuta
"daina susa, ɗan nema,"
ban samu ba.

Har na hau motar Kawo
yatsuna na warin ashana.